Iyakar Baƙo, Kirarin Gida: Tarihin Hamayyar Gundumomi da Karin Harshe a Ƙasar Ailan

Idan ƴan ƙasar Ailan biyu suka haɗu a baƙon wuri, a Landan ne ko a Boston, da wuya a gama gaisuwa ɗayansu bai tambayi ɗan'uwansa gundumar da ya fito ba. Sau da yawa ma kunne ya riga ya ba da amsa tun daga kalmar farko. Da zarar an gane mutum ɗan Cavan ne, sai a roƙe shi ya buɗe bakin aljihunsa ko da sau ɗaya ne a rayuwa. In ɗan Cork ne, a tambaye shi lafiyar "babban birnin ƙasa". In kuwa ɗan Mayo ne, a yi masa jaje tun ba a buga wasa ba. Wanda aka zolaya ya rama, a yi dariya, daga nan hira ta kankama.

Ailan tsibiri ne da ke yammacin Birtaniya. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 84,000, mutanensa kuma sun ɗan zarce miliyan 7. An kasa shi gundumomi 32 na tarihi: 26 a Jamhuriyar Ailan, 6 a Ailan ta Arewa wadda ke ƙarƙashin Birtaniya. Abin lura shi ne, waɗannan gundumomi da ɗan ƙasa ke bugun ƙirji da su, mai mulkin mallaka ne ya shata su domin ya ji daɗin karɓar haraji da hukunta masu tawaye. Abin da ya fi su daɗewa, watau karin harshen kowane yanki, shi ne ya sha wuya har wani sashe nasa ya salwanta.

Kafin zuwan gundumomi

A zamanin da, tsibirin ya ƙunshi ƙananan masarautu fiye da ɗari, kowace da sarkinta da shanunta. Masarautun nan suna ƙarƙashin manyan larduna: Ulster a arewa, Munster a kudu, Leinster a gabas, Connacht a yamma. A harshen ƙasar, wanda masu shi ke kira Gaeilge, a nan kuma za a kira shi Gelik, kalmar da ke nufin lardi ita ce cúige, ma'anarta ɗaya bisa biyar, domin akwai lokacin da Meath, mazaunin tudun sarauta na Tara, take lardi na biyar.

Hamayya tsakanin lardunan ta cika tsohon adabinsu. Labarin da ya fi shahara, Táin Bó Cúailnge, ya ginu ne bisa yaƙin da sarauniya Medb ta Connacht ta kai wa Ulster domin ta ƙwace wani bijimi. Wani tsohon rubutu ma ya raba wa kowane lardi halinsa: ya ba yamma ilimi, arewa yaƙi, gabas wadata, kudu kiɗa, tsakiya kuma sarauta. Ke nan ɗabi'ar laƙaba wa mutanen yanki hali guda ta girmi gundumomi da ƙarnoni.

Wannan hamayya ba ta tsaya ga tatsuniya ba. A yaƙin Clontarf na shekarar 1014, Brian Boru ɗan Munster ya gwabza da sarkin Leinster da mayaƙan Dablin. A 1166 kuma, sarakunan Connacht da Breifne suka kori Diarmait Mac Murchada, sarkin Leinster, daga gadonsa. Ya ƙetare teku neman taimako, ya dawo da mayaƙan Norman daga Birtaniya a 1169, sarkin Ingila Henry na Biyu ya biyo bayansu a 1171. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alƙalamin mai mulki

Turawan Ingila sun zo da tsarin da suka saba da shi a gida: a shata yanki, a naɗa masa wakilin sarki, a gina kotu da gidan kaso a babban garinsa. Dablin da yankunan gabas da kudu su ne suka fara shiga wannan tsari tun wajen ƙarni na 13. Aikin bai tafi da sauri ba, domin a ƙarshen ƙarni na 15 ikon Ingila na haƙiƙa ya tsuke, ya koma wani ɗan zagaye a kewayen Dablin da ake kira Pale. A idon gwamnati, duk wanda ke bayan wannan zagaye bagidaje ne. Tun daga nan aka shuka irin ƙyamar da ke tsakanin birnin da sauran ƙasar.

A ƙarni na 16 aka sake ɗaura ɗamara. A 1556 aka ƙwace ƙasar zuriyar O'Moore da ta O'Connor, aka yi gundumomi biyu da ita, aka sa musu suna Gundumar Sarauniya da Gundumar Sarki, domin girmama sarauniya Mary da mijinta Philip na Spaniya. Sai a zamanin neman ƴancin kai aka mai da su Laois da Offaly. Bayan su aka yanka Connacht, aka yanka Ulster. Wicklow, wadda duwatsunta suka daɗe suna ɓoye masu tawaye a ƙofar Dablin, ita ce ta zo ƙarshe a 1606. A 1613 aka ƙirƙiro gundumar Londonderry bayan an damƙa ƙasarta ga kamfanonin birnin Landan.

Duk da haka, masu shata iyaka ba su yi aiki a kan farar takarda ba. Sau da yawa sun bi tsoffin iyakokin masarautu, domin su ne mutane suka sani. Sunan Kerry ya fito daga wata tsohuwar al'umma mai suna Ciarraige, Tyrone kuwa ma'anarsa ƙasar Eoghan. Wannan ya sauƙaƙa wa jikoki su rungumi gundumar daga baya. Amma a ƙarni na 18 da farkon na 19, talaka bai ɗauki gunduma a bakin komai ba. Wurin da ake kai shi shari'a ne, kuma masu gonakin da yake yi wa haya su ne ke zaune a majalisarta. Abin da ya sani shi ne ƙauyensa da danginsa da cocin unguwarsa.

Daga faɗan sanda zuwa filin wasa

A wancan zamani hamayyar yanki jini take zubarwa. A ranakun kasuwa da na bukukuwa, ƙungiyoyin dangi sukan haɗu da sanduna su yi ta bugun juna bisa wata gaba da aka gada. A watan Yuni na 1834, a bakin tekun Ballyeagh cikin Kerry, irin wannan faɗa ya ci rayuka da dama, wasu ma a ruwa suka nitse suna gudun ceton rai. A farkon wannan shekarar kuma, can a Amurka, leburori ƴan Cork da ƴan'uwansu da suka fito daga sassan da ke arewa da su suka yi ta kashe juna a wurin haƙar mashigin ruwa na Chesapeake da Ohio, kan wanda zai samu aiki, har shugaba Andrew Jackson ya tura soja.

Abin da ya sauya alƙibla ya faru ne ranar 1 ga Nuwamba 1884, a wani masauki a garin Thurles na gundumar Tipperary. Michael Cusack, malamin makaranta ɗan Clare, da Maurice Davin da wasu ƙalilan suka kafa ƙungiyar raya wasannin gargajiya da aka sani da GAA. Wasanni biyu ta fi riƙewa: ƙwallon ƙafa irin ta Gelik, wadda ake kamawa da hannu a kuma buga da ƙafa, da hurling, wani irin ƙwallon gora mai tsananin sauri. Ƙungiyar ta gina kanta hawa biyu: kulob a kowace unguwar coci, sannan hukuma a kowace gunduma. A 1887 aka fara gasar ƙasa baki ɗaya. Masu kishin ƙasa da ke neman tumɓuke al'adun Ingila, sai ga shi sun ɗauki taswirar Ingila sun yi tubali da ita, domin ita ce kaɗai taswirar da ta game tsibirin.

Wasu abubuwa sun ƙara wa ginin ƙarfi. Jaridun yanki sun yawaita, kowace tana ba da labarin gundumarta. Dokar 1898 ta kafa majalisun gundumomi na zaɓe, ta karɓe iko daga hannun masu manyan gonaki. Ƴan ci-rani a Landan da New York suka kafa ƙungiyoyin zumunta bisa sunan gunduma, inda sabon zuwa ke samun masauki da aiki. Ranar 21 ga Nuwamba 1920, sojojin Birtaniya da ƴan sandansu suka buɗe wuta a filin Croke Park ana tsakiyar wasa tsakanin Dablin da Tipperary, mutum 14 suka mutu, har da ɗan wasa Michael Hogan. Daga ranar rigar gunduma ta samu wata daraja da ba a saye da kuɗi.

Har yau ƴan wasan ba su karɓar albashi, kuma a al'ada mutum gundumarsa yake buga wa. Malamin makaranta ko manomi zai fito gaban ƴan kallo fiye da 82,000, ranar Litinin ya koma bakin aikinsa. Zuwa ƙarshen 2025, Kerry ta ɗauki kofin ƙwallon ƙafa sau 39, Dablin sau 31, Kilkenny kuma ta ɗauki na hurling sau 36. Mayo rabonta da kofi tun 1951, kuma tsakanin 1989 da 2021 ta sha kashi a wasan ƙarshe har sau 11. Jama'a suka ƙaga labarin cewa wani limamin coci ne ya yi musu baki, wai don ƴan wasan 1951 sun wuce jana'iza ba su tsaya ba.

Ƙarfin wannan shaƙuwa ya bayyana a 2016 da 2017, lokacin da aka kawo shawarar a yanki wani sashe na kudancin Kilkenny a haɗa shi da birnin Waterford domin sauƙin gudanarwa. Dubban takardun ƙorafi suka kwararo, gwamnati ta janye. Iyakar da kakanni suka ɗauka sarƙa ce, jikoki sun hana a taɓa ta.

Kirari da zambo

Kowace gunduma tana da kirarinta. Kerry ita ce Masarauta, Meath ta Sarakuna saboda Tara, Wicklow Lambun Ailan, Galway kuma ta Ƙabilu, don tunawa da gidaje 14 na fatake da suka mulki birnin. Cork ita ce Ƴar Tawaye. Ana danganta asalin laƙabin da shekarar 1491, sa'ad da birnin ya karɓi Perkin Warbeck mai da'awar gadon sarautar Ingila. Yaƙin neman ƴanci ya sabunta shi: dakarun Birtaniya sun ƙone tsakiyar birnin a Disamba 1920, kuma Michael Collins, jagoran yaƙin, a gundumar aka haife shi, a cikinta kuma aka kashe shi a 1922. Da wannan tarihi mutanen Cork ke kafa hujja cewa nasu ne babban birni na gaskiya.

Zambo kuwa maƙwabta ne ke yin sa. Ƴan Roscommon ɓarayin tumaki ne, ƴan Tipperary majefa duwatsu, ƴan Cavan marowata. Wanda ya dubi ƙasar Cavan, mai tuddai da tafkuna da ƙananan gonaki, zai gane cewa tattalin da talauci ya koya wa mutane shi ne maƙwabci ya mai da rowa. Ɗan Kerry shi ya fi kowa ɗaukar kaya, don an ba shi hali biyu masu karo da juna: a faɗar wasu ya fi dila wayo, a labaran ban dariya kuma shi ne wawan gari. Waɗannan labarai sun yi tashe a shekarun 1970, har Des MacHale, malamin lissafi a jami'ar Cork, ya tattara su a littafi. Asalinsu ba boyayye ba ne. Irin labaran da Turawan Ingila suka daɗe suna bayarwa ne a kan ɗan Ailan, tun zamanin da jaridunsu na ƙarni na 19 ke zana shi da fuskar biri. Wanda aka yi wa dariya ya waiwaya ya nemi na bayansa.

Zolayar da ta fi ɗaci ita ce ta tsakanin Dablin da karkara. Mutanen karkara suna kiran ɗan Dablin Jackeen, watau ɗan ƙaramin Jack, suna nufin ɗan koren Ingila. Shi kuma yana kiran su culchie, kwatankwacin baƙauye. Wasu sun ce kalmar ta fito daga sunan garin Kiltimagh na Mayo. A nan akwai batun ciki a bayan wasan: bisa ƙidayar 2022, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Jamhuriyar a gundumar Dablin suke zaune, can ne ma'aikatu da manyan ayyuka suke, yamma kuwa ta shafe ƙarni da rabi tana sallamar ƴaƴanta. Abin dariyar shi ne, da yawa daga cikin masu kiran wasu ƙauyawa, iyayensu daga ƙauyen suka zo aikin gwamnati.

Karin harshe: dariyar da ta yi ɓarna

Harshen Gelik yana da manyan kare-kare uku da suka rage. Mai tambayar lafiya a Munster zai ce conas atá tú, a Connacht cén chaoi a bhfuil tú, a Ulster cad é mar atá tú. Dankalin Turawa, abincin da ya riƙe ƙasar, prátaí ne a kudu, fataí a yamma, préataí a arewa. Karin Ulster ya fi kusa da Gelik na Skotlan, na Munster kuma yakan matsar da nauyin kalma zuwa gaɓar da ke da dogon wasali. Waɗannan iyakoki ba su san da taswirar gundumomi ba.

A ƙarni na 19 harshen ya durƙushe. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 da Ingilishi suke koyarwa. A wurare da dama akan rataya wa yaro ɗan itace a wuya, a yi masa tsaga duk lokacin da ya furta kalmar Gelik, a hukunta shi gwargwadon yawan tsagar, abin da zai tuna wa tsoffin ɗaliban makarantun mulkin mallakar Faransa da "sambol". Iyaye da yawa sun goyi bayan haka, don sun san ɗansu Amurka ko Ingila zai tafi neman abinci. Yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan, kuma yankunan masu Gelik ta fi yi wa ɓarna. A ƙidayar 1851 masu jin harshen sun koma kimanin miliyan ɗaya da rabi, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Harshen ya zama alamar talauci, mai yin sa abin ba'a a kasuwa. Karin Leinster ya mutu ƙurmus. Haka ma Yola, wani tsohon karin Ingilishi na kudancin Wexford, wanda babu abin da ya haɗa shi da Yolar Adamawa sai kamannin suna.

Da aka kafa Ƙungiyar Gelik a 1893 ƙarƙashin Douglas Hyde da Eoin MacNeill, sai tambaya ta taso: wane kari za a rubuta? Peadar Ua Laoghaire, limamin coci ɗan Cork, ya dage cewa a rubuta yadda mutane ke magana. Ra'ayinsa ya yi rinjaye, amma da yake littattafansa da karin Munster ya yi su, wannan kari ya mamaye makarantu, marubutan Donegal irin su Séamus Ó Grianna suka ga an mai da su saniyar ware. A 1958 masu fassara na majalisar dokoki suka fito da daidaitaccen tsarin rubutu, wanda ya tsinto daga kare-karen uku. Ya yi amfani ƙwarai wajen buga littattafai da dokoki, sai dai masu harshen na asali sun riƙa kiransa harshen ofis.

Makaranta ma ta yi nata kuskuren. Peig Sayers, gwanar tatsuniya da ta yi zaman aure a tsibirin Blasket na Kerry, an buga tarihin rayuwarta a 1936. Aka ɗora wa ɗaliban sakandare littafin shekara da shekaru, har sunanta ya zama abin zolaya ga yaran birni da ba a nuna musu darajar abin da ke hannunsu ba. A 1953 aka kwashe mutanen tsibirin na ƙarshe.

Gyara ya zo daga masu harshen da kansu. A 1969 mutanen Connemara suka tayar da ƙungiyar neman haƙƙi, suka buɗe gidan rediyo ba da izini ba, har gwamnati ta kafa Raidió na Gaeltachta a 1972, da tashoshi a Galway da Donegal da Kerry. Kowane mai gabatarwa da karinsa yake magana. Kafin haka, ɗan Kerry da ɗan Donegal sukan koma Ingilishi in sun haɗu. Yau da gobe kunne ya saba. Gidan talabijin na Gelik ya biyo baya a 1996, kuma jarrabawar sauraro ta ƙarshen sakandare tana kawo muryoyi daga lardunan uku. Duk da haka, a ƙidayar 2022, cikin mutum kusan miliyan 1.9 da suka ce suna jin Gelik, kimanin 72,000 ne kaɗai ke yin sa kullum a wajen makaranta, kimanin 20,000 daga cikinsu a yankunan asali.

Iyakar da ba a wasa da ita

Dokar Birtaniya ta 1920 ta bi layin gundumomi ta raba tsibirin. Cikin gundumomi 9 na Ulster, 6 suka zauna da Birtaniya, Donegal da Cavan da Monaghan suka faɗa kudu. Donegal ta wayi gari wani siririn zirin ƙasa ne kawai ya haɗa ta da sauran Jamhuriyar, dalili ke nan ake ce mata Wadda Aka Manta. A arewa, ko sunan gari shaida ne: wanda ya ce Derry da wanda ya ce Londonderry kowa ya faɗi ɓangarensa. GAA ba ta amince da rabuwar ba, ta ci gaba da gasar gundumomi 32. A 1960 Down ta zama ta farko daga cikin gundumomi shidan da ta ƙetara iyaka da kofin ƙwallon ƙafa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna dariya iri biyu. Akwai wadda ake yi tsakanin tsara, kamar ta Cork da Kerry, inda kowa ke da tuta da fili da ranar ramuwa. Wannan ita ta maye gurbin faɗan sanda. Akwai kuma wadda mai iko ke yi wa bakin marar iko, a aji ko a ofis, inda babu halin ramawa sai dai a yi shiru. Ta biyun ce ta sa iyaye suka daina yi wa ƴaƴansu magana da harshen da aka yi musu reno da shi.

Tsakanin 1937 da 1939, Hukumar Adabin Baka ta Ailan ta nemi taimakon malaman firamare. Yara fiye da 50,000 daga makarantu kimanin 5,000 suka koma wurin tsofaffinsu da littafin rubutu, suka kwaso tatsuniyoyi da karin magana da sunayen gonaki da rijiyoyi. Littattafan suna ajiye a Dablin, an kuma sa su a intanet, an jera su gunduma gunduma. Jikan da ke neman kalmomin kakarsa yau, ta sunan gundumar da baƙo ya shata yake shiga, ya iske su da rubutun hannun wani yaro, alhali a wasu ƙauyukan babu sauran mai furta su.